Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Takobi Bai Bar Tutoci da Fadodi Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na lura akwai takobi a tutar Saudiyya, haka kuma mutum-mutumin matar nan mai wakiltar shari'a a kotunan Turai tana riƙe da takobi a hannu ɗaya, ma'auni a ɗayan. Tunda bindiga ta daɗe da karɓe fagen fama, me ya sa har yau takobi ake ɗaukakawa? (Daga wata ɗalibar tarihi)

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Asalin lamarin yana cikin yanayin makamin kansa. Da gatari ake saran itace, da mashi da baka ake farauta, amma takobi tun farko don yaƙi kaɗai aka ƙera shi. Yana cin ƙarfe mai yawa, yana buƙatar gwanin maƙeri, saboda haka ba kowa ke iya mallakarsa ba. Wannan ne ya sa ya zama shaidar wanda aka damƙa wa iko, kuma ma'anar ta ci gaba da rayuwa bayan amfaninsa a yaƙi ya ƙare.

A tarihin Musulunci takobin da ya fi shahara shi ne Zulfikar, wanda Manzon Allah (SAW) ya samu a ganimar Badar, daga baya ya koma hannun Sayyidina Ali (RA). Khalid bin Walid (RA) kuwa, shi kansa aka yi wa laƙabi da Takobin Allah bayan yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira, ranar da, kamar yadda ya faɗa da bakinsa, takubba tara suka karye a hannunsa. Sarakunan Daular Usmaniyya ba kambi ake ɗora musu ba ranar hawa gadon mulki. A kan kai sabon sarki kusa da kabarin Abu Ayyub al-Ansari (RA) a Istanbul, a ɗaura masa takobi. A nan nake ganin amsar tambayarki ta fi fitowa fili, domin wani ne yake ɗaura wa sarkin takobin, a gaban jama'a, a matsayin amanar da za a tambaye shi a kanta. Haka ma takobin tutar Saudiyya, a ƙarƙashin kalmar shahada aka ajiye shi, ana kuma fassara shi da ƙarfi da adalci.

Sauran al'ummu ma suna da nasu. Tun 1699, lokacin da Guru Gobind Singh, jagoran addinin Sikh a Indiya, ya kafa tsarin Khalsa, wato jama'ar da suka ɗauki alkawarin bin ƙa'idojin addinin, mabiyan wannan tsari suke rataya ɗan takobi mai suna kirpan, tunatarwa ce gare su kan kare wanda aka zalunta. A Japan takobin Kusanagi yana cikin kayan sarauta uku, kuma ko a 2019, da Sarki Naruhito ya hau mulki, a cikin akwati a naɗe aka gabatar masa da madadinsa, ba wanda ya ga kaifinsa.

Game da matar kotu, ma'aunin yana nuna sauraron hujjar kowane ɓangare, takobin kuma ikon zartar da hukunci, domin hukuncin da babu ƙarfin aiwatar da shi shawara ce kawai.

Wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne takobin da ake kira Curtana a Ingila, wato takobin jinƙai. Dogo ne kamar sauran, sai dai ba shi da tsini, bakinsa a guntule yake kamar an datse shi. A bikin naɗin Sarki Charles na Uku, ranar 6 ga Mayun 2023, an shigo da takobin cikin majami'ar Westminster ba tare da kube ba, an ɗaga shi sama, tare da takubba biyu na adalci waɗanda tsininsu yake nan daram.