Amsa ga mai koyon aikin jarida kan labaran ƙetare

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na dawo maka da labarin da ka rubuta a kan Habasha, alhali babu ƙarya a cikinsa. Haka ne, babu ƙarya, amma manomin da ya rataye rediyonsa a gona yana sauraronmu da wuya ya taɓa taka Addis Ababa, don haka duk abin da ya sani game da ƙasar daga bakinmu ya ji shi. Na ga ka buɗe labarin da cewa "ƙasar da yunwa ta ɗaiɗaita". Yunwar 1984 ta auku, ta kuma hallaka dubban ɗaruruwan mutane, sai dai labarinka a kan madatsar ruwan da suka fara ginawa a kan Kogin Nilu a 2011 ne, wadda babu kamarta a Afirka wajen samar da lantarki. Idan kullum da yunwa muke gabatar da ƙasa, mai sauraro zai tsufa bai san cewa hedikwatar Tarayyar Afirka a can take ba.

Abin da ya fi damuna shi ne laƙabi, domin kowace gwamnati tana da sunan da take so a kira abokin gabarta da shi. Sai a 2008 Amurka ta cire sunan Nelson Mandela daga jerin waɗanda take sa wa ido kan ta'addanci, bayan ya riga ya shugabanci Afirka ta Kudu. Saboda haka idan wani ya kira wasu 'yan ta'adda ko 'yan gwagwarmaya, ka jingina maganar ga wanda ya faɗe ta, kai kuma ka bayyana abin da suka aikata. Ma'auninka ya zama ɗaya: shigar Amurka Iraƙi a 2003 mamaya ce, shigar Rasha Yukren a 2022 ita ma mamaya ce, ko da wane suna masu ita suka raɗa mata. Haka nan kada ka fake da "an kashe mutane" in har an tabbatar da wanda ya kashe su, musamman idan ƙasar da kake ƙauna ce ta yi.

Yanzu ka koma ka fara da madatsar, ka kawo abin da Habasha ke fata daga gare ta, sannan ka kawo fargabar Masar kan rabonta na ruwan Nilu da matsayin Sudan, kowa da bakinsa.