Kun tambaya: Cimar bakin titi da hawan jini

Tambaya: Inna, ni ɗan kabu-kabu ne a nan Zinder, ban yi aure ba. Da safe indomi da ƙwai wurin mai shayi, da rana fanke ko awara da lemun kwalba, da dare tsire. An auna ni an ce jinina ya fara hawa. In na bar cin na waje, ina zan ci?

Amsa: Ɗana, ba zan ce ka bari ba. Mai yini a kan babur tsakanin Kasuwar Dole da Birni ina ya ga lokacin hura wuta? Abin da kake saye za ka sauya.

Gishiri ne babban abokin gabarka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato bai cika cokalin shayi ɗaya ba. To ɗan ƙullin ɗanɗanon da ke cikin ledar indomi yawancinsa gishiri ne, mai shayi ya murje magi a kai, da dare kuma ga yajin tsire da nasa. Ka ce wa mai shayin ya zuba rabin ƙullin, kada ya ƙara magi. Kuɗinka ne, ba roƙo ka je ba. A hankali harshenka zai saba.

Sai lemu. Gwangwanin Coca-Cola na santilita 33 yana da sukari wajen giram 35, alhali abin da ake so kada babba ya wuce a yini kusan giram 50 ne. Haɗa da shayin safe mai madarar gwangwani, ka ga ka zarce tun kafin la'asar. Sha ruwa.

Da rana nemi wake da shinkafa, ko dambu da zogale da ƙuli. Sun fi fanke riƙe ciki. In soyayye ranka ya biya, leƙa kaskon tukuna: man da ya yi baƙi yana kumfa da hayaƙi an sha soya shi, wuce gaba.

Akwai kuma batun tsafta, wanda ba ka tambaya ba. Kowa ya san wahalar ruwa a garin nan, shi ya sa za ka ga bokiti ɗaya ake wanke kwano a ciki tun safe. Ta irin wannan hanya taifot da gudawa ke shiga. Sayi abinci da zafinsa, wurin mai ciniki da tukunyarta ba ta daɗewa. Dafaffen abinci in ya wuce awa 2 a ajiye, balle a zafin Afrilu, akwai haɗari. Ka riƙa komawa ana auna jinin. In an ba ka magani kada ka yanke.

Tambaya: Yarana kuɗin makarantarsu duk a biskit da alawa da lemun leda yake ƙarewa. Yaya zan yi, Hajiya?

Amsa: Ƴar'uwa, yaron da ya fita da yunwa duk abin da ya gani zai saya. Ba su koko da ƙosai ko ɗumame kafin su fita, ki rage kuɗin, ki sa musu gyaɗa ko dabino ko dafaffen ƙwai a jaka, da gorar ruwa daga gida. Lemun leda shi na fi tsoro, don ba ki san ruwan da aka haɗa shi ba. Alawa kuwa a bar ta sai ranar Juma'a.