Shin Damuwa da Abin da Mutane Za Su Ce Rashin Bangaskiya Ne?

Tambaya: Ni mai bi ce, amma duk abin da zan yi sai na fara tunanin abin da mutane za su ce. Kwanan baya a wurin aiki aka kawo mini rahoton da na san akwai ƙarya a ciki, na sa hannu don kada a ce ina nuna na fi kowa tsarki. Wannan girmama mutane ne, ko rashin bangaskiya?

Amsa: 'Yar'uwa, Littafi Mai Tsarki bai hana mu kula da mutuncinmu a idon jama'a ba. Karin Magana 22:1 ta ce suna mai kyau ya fi dukiya mai yawa, Bulus ma da ake tara gudummawa domin masu bi na Urushalima, ya so a sa wasu 'yan'uwa cikin hidimar kuɗin don kada a sami abin zargi (2 Korintiyawa 8:18-21). Matsalar takan taso ne ranar da maganar Allah da ta mutane suka raba hanya, mutum kuma ya bi ta mutane. Wannan shi ne abin da Karin Magana 29:25 ta kira tarko, ta kuma ce mai dogara ga Ubangiji ne zai zauna lafiya.

Labarin Sarki Saul a 1 Sama'ila 15 ya nuna yadda tarkon yake kamawa. An umarce shi ya hallaka duk abin da ke na Amalekawa, sai ya bar sarkinsu Agag da rai, tare da mafi kyawun tumaki da shanu. Da annabi Sama'ila ya iso, Saul ya tarye shi da cewa ya cika umarnin Ubangiji, annabin kuwa ya tambaye shi, to, wannan kukan tumaki da na shanu da yake ji fa? Saul ya fara fakewa da cewa hadaya za a yi da su, sai da aka matsa masa ya amsa cewa jama'a ya ji tsoro, shi ya sa ya bi maganarsu. Sarki ne fa, yana tsoron waɗanda yake mulki. Abin da ya fi ba ni mamaki yana aya ta 30: an riga an faɗa masa cewa Allah ya ƙwace sarautar daga hannunsa, amma roƙonsa shi ne Sama'ila ya girmama shi a gaban dattawa.

Kada ki ɗauka raunana ne kaɗai ke faɗawa ciki. Bitrus, wanda ya tsaya gaban majalisar shugabannin Yahudawa ya ce wajibi ne a yi wa Allah biyayya fiye da mutane (Ayyukan Manzanni 5:29), shi ne a Antakiya ya janye daga cin abinci da masu bi waɗanda ba Yahudawa ba da zarar wasu sun zo daga wurin Yakubu, ɗaya daga cikin shugabannin masu bi na Urushalima, har Barnaba ya bi sahunsa, sai da Bulus ya tsauta masa a gaban kowa (Galatiyawa 2:11-14). Barazanar maƙiya ba ta karya shi ba a lokacin can, idon mutanensa ne ya karya shi.

Jin tsoro shi kaɗai ba zunubi ba ne, domin Dawuda ma ya ce ranar da ya ji tsoro zai dogara ga Allah (Zabura 56:3). Yesu kuma da ya ce kada almajiransa su ji tsoron masu kashe jiki, dalilin da ya ba su shi ne kulawar Uba, wanda ko gashin kansu ya ƙidaya (Matiyu 10:28-31).

Game da rahoton, gaskiya ita ce kin sa hannu a kan ƙarya, kuma ladabi ba ya wanke wannan. Ki tuba, sa'an nan ki sami wanda ya kawo miki takardar, ku biyu kaɗai, ki faɗa masa cikin natsuwa cewa ba za ki iya tsayawa a kan abin da ke ciki ba, ki nemi a gyara. Mai yiwuwa a yi miki habaici, ko a daina jan ki a jiki, ko ma abin ya taɓa ƙarin girmanki, domin Nassi bai yi alkawarin cewa mai gaskiya ba zai yi asara ba. Idan an ƙi gyarawa, ki rubuta cewa kin janye amincewarki, ki ajiye kwafi a wurinki.