Manajana ba ya amsa saƙonnina, ko fushi yake da ni?

Tambaya: Ina aiki a sashen kuɗi na wani kamfani. An kawo mana sabon manaja, in na tura masa saƙon murya ta WhatsApp sai ya kwana biyu bai saurara ba, in ya amsa kuma "To" kawai. Ko na yi masa laifi ne? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Malama, da wuya a ce fushi ne. Matsalar tana ga hanyar da saƙon ke bi. Saƙon murya na minti uku ba ya sauraruwa a tsakiyar taro, kuma adadin kuɗin da kika ambata a ciki sai an sake kunnawa kafin a same shi. Shi ya sa mai aiki da yawa ke cewa sai anjima, anjima ta zama jibi.

Ki ɗauki mako guda kina lura da shi. Idan yana son abu, kira yake yi, rubutu yake turowa, ko tasowa yake ya zo teburinki? Yadda mutum ke aika saƙo, galibi haka yake son karɓarsa. Ko ki tambaye shi a keɓe: "Ranka ya daɗe, rahoton mako a rubuce ka fi so, ko in shigo in yi bayani?"

In rubutu ne, gaisuwa layi ɗaya ta isa. Daga nan sai buƙatar: me kike so, nawa ne, zuwa yaushe. "Ina neman sa hannunka a takardar biyan mai kawo dizal, naira 450,000, kafin azahar ɗin Laraba." Dalilai su biyo baya.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen kara, wato nauyin faɗin magana kai tsaye. A 1976 wani masanin al'adu ɗan Amurka, Edward Hall, ya bambanta al'ummar da ke faɗin magana ƙarara da wadda ke barin mai ji ya gano sauran da kansa. Mu muna kusa da ta biyun, hannunka mai sanda ya wadatar da mu a gida. A ofis kuwa yana jawo asara, domin "To" na iya nufin na amince, na iya nufin na ji kawai. Kada ki fitar da kuɗi a kan "To". Ki rubuta masa: "Na fahimci ka amince a biya yau, haka ne?" Sai ya ce e a rubuce, sannan ki biya, ki kuma adana amsar saboda masu binciken kuɗi.