Amsa kan ko mata na zuwa fagen daga a sojan Najeriya

Malam, ka tambaya ko sojoji mata aikin ofis da asibiti kaɗai suke yi. A'a, lamarin ya wuce nan. Tun shekarar 2011 Kwalejin Horar da Hafsoshi ta NDA da ke Kaduna ta fara karɓar 'yan mata a kwas ɗin hafsoshin yaƙi. A 2019 kuma Rundunar Sojan Sama ta yaye Tolulope Arotile, mace ta farko da ta tuƙa jirgin yaƙi mai saukar ungulu a ƙasar, wadda ta yi aiki a farmakin da aka kai wa 'yan bindiga a jihar Neja. A ganina ma, a shingayen bincike na Arewa maso Gabas an fi buƙatarsu, domin al'ada ba ta yarda namiji ya caje mace ba.