Amsa ga mai shigowa Kano sari karon farko

Malam, ka tambayi yadda baƙo zai tsira daga 'yan damfara in ya shigo Kano sarin atamfa. Kada ka bi wanda ya tare ka a hanya, kuma kada kuɗi su bar hannunka sai a cikin shago. A Kantin Kwari, babbar kasuwar atamfa, za ka ji ana "Alhaji zo, akwai mai sauƙi a sama." Yawancinsu 'yan kamasho ne, iyakarta a ɗora maka la'adarsu kan farashi, amma akwai mai karɓar kafin alƙalami ya shige lungu, ka yi ta zaman jira har la'asar. Mai shagon za ka biya, ka karɓi rasit mai lambar shago, a ƙirga turamen a ɗaure dilar a gabanka. In tura kuɗi za ka yi, duba sunan da ya fito a asusun ya dace da nasa. In kuma canjin kuɗi ne a Wapa, kasuwar 'yan canji, shiga ofis, kuma duk sanda aka sake karɓar kuɗin wai za a duba, sake ƙirgawa daga farko, don a nan ake zare 'yan takardu.

Ka kuma sani, 'yan damfara ba sa aiki su kaɗai. A adaidaita sahu, fasinjojin da ka tarar suna gardama da direba kan wata jakar daloli, bakinsu ɗaya da shi, jira suke ka tsoma baki. Kada ka tanka, ka ce a sauke ka inda jama'a suke.