Ku Tambaya Mu Amsa: Giwar Bugatti da Sunan Ford

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga hoton wata tsohuwar motar Bugatti da ɗan gunkin giwa tsaye a kan hancinta, an kuma rubuta cewa wani Bugatti ne ya sassaƙa shi. Shi ne mai kamfanin? (Daga wani makanike a Kaduna)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ba shi ba ne, ƙanensa ne. Mahaifinsu Carlo Bugatti ɗan birnin Milan ne na Italiya, gwani wajen ƙera kujeru da kayan ɗaki. Babban ɗansa Ettore, wanda aka haifa a 1881, shi ya kafa kamfanin motar a 1909 a garin Molsheim, wanda a lokacin yana hannun Jamus, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koma Faransa. Ƙanen, Rembrandt Bugatti, sassaƙar dabbobi ya sa a gaba. Yakan wuni a gidan namun daji na Antwerp yana kallon yadda giwa ko damisa ke ɗaga ƙafa, sannan ya mulmula siffarta, a zuba ta da tagulla. Ya rasu a 1916 yana da shekara 31.

Giwar da ka gani, wadda ta miƙe kan ƙafafun baya da dogon hancinta sama, murfin lagireto ce ta motar da ake kira Royale. Ettore ya ɗora ta ne don tunawa da ƙanensa, sama da shekara goma bayan rasuwarsa. Motar kuwa ba ta yi kasuwa ba. Injinta silinda takwas ne a jere, lita 12.7, an yi ta don sarakuna, sai ga karyewar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta faɗo mata. Shida ne suka fito, uku kawai aka iya sayarwa. Ragowar injinan ba su tashi a banza ba, an saka su a jiragen ƙasa masu gudu na Faransa.

Abu biyu kan rikita mutane a nan. Wannan Rembrandt ɗin ba shi da dangantaka da shahararren mai zanen nan na Holan, suna ne kawai ya ci. Sannan Bugatti na yau ba na iyalin ba ne: Volkswagen ya sayi sunan a 1998.

Tambaya: Shugaban Amurka Gerald Ford jikan mai motar Ford ne? Mun yi musu da ɗalibaina. (Daga wata malama a Zinder)

Amsa: Malama, wanda ya ce a'a shi ya ci musun. Abin da ke jawo ruɗanin shi ne dukansu mutanen jihar Michigan ne. Henry Ford ya kafa kamfaninsa a can a 1903. Gerald kuwa ko da sunan Ford ba a haife shi ba. A 1913 aka raɗa masa Leslie Lynch King, bayan mahaifiyarsa ta sake aure ya tashi a hannun mijinta, ya ɗauki sunansa. Asalin kalmar ma mashigin kogi take nufi, shi ya sa gidaje da yawa da ba su san juna ba ke amsa ta, kamar dai yadda a wajenmu mutum biyu za su amsa Kano ko Shagari don gari ya haɗa su. Gidauniyar Ford ce ke da jinin gidan, domin Edsel ɗan Henry ya kafa ta a 1936, amma yanzu cin gashin kanta take yi.

In irin wannan musu ya sake tasowa, a fara da neman cikakken sunan wanda ya kafa abin da shekarar da aka kafa shi. Daga nan a bi sunan uba da kaka, a duba ko wani ya sauya suna a hanya. Sai a binciki mai abin a yau, domin sau da yawa an daɗe da sayar da shi, sunan kawai ya rage a jikin allo.